Ramin da Ke Goshin Motar Babanku

Nana da Sadiku, tun kuna ƙanana kuke tambayata abin da ya huda goshin motar babanku, ni kuma ina ce muku ɓarayi ne suka cire tauraron da ke wurin. Ƙarya na yi muku, Allah ya yafe mini. Babu ɓarawon da ya taɓa motar nan. Ni na cire shi da hannuna wata ranar Asabar da hantsi, kuna ɗaki kuna kallon talabijin. Da na yi niyyar in tafi da maganar kabarina, sai ga Nana ta dawo daga biki a Maraɗi rai a ɓace, wai har yanzu akwai masu kirana matar da ta hana tsohuwa motar ɗanta. To, tunda abin ya kai ga kunnenku, gara ku ji shi daga bakin wadda aka yi da ita.

Shekararmu uku a Greensboro ta Amirka babanku ya shigo da motar. Lokacin muna haya a Glenwood, a ɗan gidan katakon nan da ɗalibai suka kewaye. Shi yana aikin ɗaukar kaya a wani sito, ranar Asabar kuma ya tafi Irving Park yankan ciyawa a gidajen masu hali. A can ya ga motar a garejin wani tsohon Bature da idonsa ya daina gani sosai: Bajamushiya ce, ruwan madara, mai shan gazuwal, wato man dizal, ta girmi aurenmu nesa ba kusa ba. Shekara guda yana yi mata kallon sha'awa kafin tsohon ya yarda ya sayar masa. Ranar da ya kawo ta, tun daga kan kwana na ji ƙara kamar injin niƙa, na leƙo ta taga na ce yau kuma wa ya kawo mana markaɗe unguwa. Ashe maigidana ne a ciki, bakin nan har kunne.

Babanku ba mai yawan magana ba ne, amma a taɓo masa zancen motar nan, to abinci ya huce. Kusa da tasha ya tashi a Maraɗi, yana ganin manyan motoci masu wannan tauraron suna ɗaukar kaya har Agadas su dawo, yana ganin taksin da suka shekara ashirin a kan hanya ba su gaji ba, yana ganin shugabanni in sun zo gari a cikin irinta baƙa. A wurinsa Jamusawan nan ba mota suke ƙerawa ba, amana suke ƙerawa. Kowace Juma'a in ya dawo masallaci sai ya ciro hankicinsa ya goge tauraron, yana nuna wa Nana ƙafafunsa uku, wai ɗaya ta ƙasa ce, ɗaya ta ruwa, ɗaya ta sama, don injinsu ya shiga duka ukun. Labarin da ya fi so kuwa shi ne na matar mutumin da ya fara ƙera motar. Wai mijin ya ƙera abu ya ajiye yana ta tsoron fitar da shi, mutane suna dariya. Sai matar ta tashi da sassafe ba ta gaya masa ba, ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta kama hanyar garin uwarta. Mai ya ƙare ta saya a kantin magani, bututu ya toshe ta zare tsinken hularta ta soke shi, birki ya cinye ta sa baduku ya liƙa masa fata. Daga tafiyar nan duniya ta yarda mota abin hawa ce. Na ji labarin nan ya fi sau hamsin. Rannan dai na ce masa:

"Maigida, tunda mace ta buɗe hanyar, ni yaushe za a ba ni sitiyarin?"

Ya yi dariya ya ce, "Rabi, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba? Bari baɗi, in Allah ya kai mu."

Baɗin ta zo, ya sake cewa baɗi. Abu ɗaya kawai ya koya mini, shi ma don sanyi ne: yadda ake tada ta da safe ta yi ɗumi kafin ya gama shiri. A murɗa makulli rabi, a jira wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta mutu, sannan a ƙarasa murɗawa. "Kar ki yi mata gaggawa," in ji shi, "ita ba ta son a tashe ta a firgice."

A tsakiyar sanyin shekara ta biyar da zuwanmu zuciyarsa ta tsaya yana wurin aiki. Ya fita da safe lafiya lau, da azahar aka kira ni. Nana na da shekara takwas, Sadiku biyar. Wani abokin aikinsa ya dawo da motar ya ajiye a ƙofar gida, ya miƙo mini makullin, ya kasa haɗa ido da ni. Ba zan iya ba ku labarin kwanakin nan ba, domin ni ma ban san yadda suka wuce ba. Na dai shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, matan 'yan Nijar suna karɓa-karɓa wajen kawo abinci da kai ku lakkol, wato makaranta. Allah ya saka musu, abin da ya biyo baya bai sa na manta wannan ba.

Kwana tara da rasuwar na farka da tunanin cewa motar ta yi kwana tara ba a tada ta ba. Na yafa mayafi na fita, iyakata ƙofar gida. Na zauna a kujerarsa, ƙafata ba ta ko kai birki. Warin turarensa na nan. Na murɗa makulli rabi, na jira fitilar ta mutu, na ƙarasa. Ta yi tari sau biyu ta tashi. Nan na kifa kai a kan sitiyari na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Daga ranar kullum bayan sallar asuba sai na fita na tada ta, na zauna minti goma ina sauraronta, na kashe na koma ciki.

Bayan addu'ar arba'in Alhaji Sani ya zo. Shi ne babban 'yan Nijar a garin nan lokacin, kuma sana'arsa aika motoci gida ta jirgin ruwa zuwa Kwatano. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan jana'izar babanku daga farko har ƙarshe. Ya zauna a bakin ƙofa, ni ina daga ciki, ya ce:

"Hajiya Rabi, mun yi magana da Alhaji Laminu. Shina son a sa motar cikin kwantenar da za ta tashi ƙarshen bazara. Ya ce Inna na so ta ga abin da ɗanta ya samu a Amirka. Ke kuma in kin hita takaba, sai a yi shirin ku koma gida da ɗiya."

Alhaji Laminu, baffanku, yayan babanku ne uwa ɗaya uba ɗaya. Inna kuwa kakarku ce, wadda ta riƙe ni kamar 'yar cikinta tun ina amarya. Da aka ambaci sunanta na kasa cewa a'a. Na ce a bari in gama takaba. Alhaji Sani ya ɗauki wannan a matsayin na yarda, kuma kafin mako ya zagayo duk gari ya ɗauka haka.

Ku da kuka tashi nan ba ku san al'adar ba. A wancan lokacin in aka ce motar wani za ta gida, ta zama ta kowa. Ba a aika mota da ciki wayam. Kowa na da saƙo: takalman yara, maganin hawan jini na tsohuwa, barguna, keken ɗinki, turare, kaset na gaisuwa. Ana cusa su a but, a ƙarƙashin kujeru, har cikin ramin taya. To, mata suka fara zuwa mini gaisuwa kowa da jaka a hannu, an liƙa takarda da sunan mai karɓa. "Ga ɗan saƙo nan, Rabi, ba shi da nauyi." Kafin wata biyu falonmu ya koma sito, Sadiku na hawa kan jakunkunan yana tsalle. Na ƙirga jaka goma sha bakwai. Babu wadda ta tambaye ni ko na yarda, ni kuma kunya ta hana ni cewa komai.

Ina zaune tsakanin jakunkunan nan nake lissafin rayuwata. Aikina gyaran ɗakuna ne a wani otal can bakin gari. Da babanku ke kai ni, minti ashirin ne. A bas kuwa sai na shiga ɗaya zuwa tashar cikin gari, na tsaya cikin sanyi na jira wata, awa ɗaya da rabi in an yi sa'a. Sadiku ga ciwon asma, in ya tashi ba ya jiran bas. Na gane sarai: in motar nan ta shiga kwantena, mu ma mun shiga. Ni kuma babanku ya sha gaya mini bai bar ƙasarsa yana ɗaukar kaya a kafaɗa don mota ba, don karatunku ne. Ban ƙi gida ba, har gobe ina kewarsa. Amma na yi alkawari a raina ba zan kwashe ku daga inda ubanku ya ajiye ku ba.

Maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya Bilkisu ce, 'yar Kano, tana karatun digiri na uku a jami'a. Baki gare ta kamar reza, kullum muna tsokanar juna, ita tana dariyar Hausata ni ina dariyar tuwonta. Ita kaɗai ta lura da abin da nake yi da asuba. Rannan ta ƙwanƙwasa gilashin motar tana rawar ɗari cikin rigar sanyi, ta ce:

"Anti Rabi, kullum sai kin tashe ni da wannan janareton naki. In dai za ki hana ni barci, ai gara ki tuƙa ta mu san an yi asarar barcin a kan wani abu."

Na ce, "Ni da ban iya karanta Turancin hanya ba, wa za shi ba ni permi?"

Ta ce, "Lasin ake cewa, 'yar Faransa. Kuma alamun hanya hotuna ne, ba digiri ba. Matsa in shigo, sanyi zai kashe ni."

Sauran kwanakin takabar a kan teburin kicin muka ƙare su. Ta kawo ɗan littafin dokokin hanya, tana zana alamu a bayan takardun karatunta, ina haddacewa kamar hadda. Murfin tukunya ne sitiyarina, gwangwani biyu a ƙasa birki da totur. Nana ce mai yi mini jarrabawa, tana gyara mini furuci da Turanci tana harara, kamar ita ta haife ni. Washegarin fita takaba na je na rubuta jarrabawar takarda na faɗi. Na dawo na koma kan hadda. Mako na gaba na koma na ci.

Sai tuƙin kansa. Akwai wani babban kanti da ya rufe, filin ajiye motocinsa ba kowa, can muke zuwa da sassafe kafin Bilkisu ta tafi aji. Na sa matashin kai biyu a bayana don ƙafata ta kai. Motar nan doguwa ce, ga nauyi, in na juya sai in ji kamar ɗaki nake ja. Na hau kan dakali, na ture kwandon shara, rannan na taka totur a maimakon birki har Bilkisu ta yi kalmar shahada da ƙarfi. Amma motar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Ba ta zabura, ba ta fushi, duk shirmen da na yi sai ta bi ni a hankali. Na fara gane abin da babanku ke nufi da amana.

Labari ya kai Maraɗi kafin in iya ribas. Alhaji Laminu ya sa aka ce in kira shi. Na sayi katin waya, na kankare, na danna lambobin nan masu tsawo. Ko gaisuwa bai bari mun gama ba.

"Rabi, mi nike ji? An ce an gan ki cikin motar ƙanena kina yawo a gari, ƙasar kabarinshi ba ta bushe ba?"

Na ce, "Yaya Alhaji, koyo nike. Da ita zan riƙa kai ɗiyanshi lakkol."

"Lakkol babu a Maraɗi? Mota irin wannan ta macce ce? Kin san mi ake hwaɗi nan? Kowa ɗanshi ya aiko mota, mu namu ya mutu ko taya ba mu gani ba. Inna ta zuba ido."

Na ce, "A ba ni Inna in yi magana da ita."

Ya ce tana barci. Da rana tsaka ne a can. Na ce masa malamin masallacinmu ya raba gado, haƙƙin Inna zai iso mata cikakke, kuma daga baya ya isa, Alhaji Sani shaida ne. Amma mota tana nan. Ya ce in tuna da wannan ranar. Katin ya ƙare a nan.

Saura kwana biyar a rufe kwantena na je gwajin hanya. Mai gwajin wata baƙar fata ce, babba, ba ta dariya. Ta dubi motar ta dube ni da hijabina da matasan kaina biyu, ta shiga. Na murɗa makulli rabi na tsaya. Ta nuna mini in tayar, na ɗaga mata yatsa alamar ta dakata, sai da fitilar ta mutu. Muka zaga unguwa, na tsaya inda ake tsayawa, na yi ribas, na juya a ƙaramin titi ban taɓa dakali ba, bakina bai daina salati ba. Da muka dawo na zare makulli, sai motar ta ƙi mutuwa. Tsufa ne, wata 'yar roba ce ta saki, takan yi wa babanku haka wani lokaci kuma na ga abin da yake yi. Matar ta zaro ido. Na fita na ɗaga bonet, na danna ɗan ƙarfen da ke gefen inji, ta yi shiru. Na rufe, na goge hannuna da gefen zane. A nan ne matar ta fashe da dariya har tana dafa mota. Ta rubuta abin da za ta rubuta ta miƙo mini. Na ci.

Tafiyata ta farko ni kaɗai ba yawon shan iska ba ce. Na loda jakunkunan nan goma sha bakwai, na bi gida gida ina mayar wa kowa tasa. Ban taɓa yin aiki mai nauyin wannan ba. Wata ta karɓa ta ce Allah ya sa alheri, wata ta karɓa ta rufe ƙofa ina tsaye. Matar Alhaji Sani ta ce, "Rabi, kin ba mu kunya," amma na ga tana leƙen yadda na yi fakin. An yi kusan shekara ba a gaya mini suna ko biki.

Inna ce ta tsaya mini a rai. Na rasa abin da zan aika mata da zai tsaya a madadin mota. Sai na tuna babu inda hannun ɗanta ya fi taɓawa kamar tauraron nan. Na cire shi, na naɗe a hankicinsa na Juma'a. Na ɗauko rediyo na sa kaset, na gaishe ta, na gaya mata komai, na roƙi gafara. Sannan na fita da rediyon na tada motar na ce, "Inna, ki ji muryar motar ɗanki, ni ce na tada ta." Na ba wani mai tafiya gida ya kai.

Kuskuren da na yi ke nan. Hannun Alhaji Laminu saƙon ya fara shiga, ya kwance a gaban mutane a ƙofar gida. Shi abin da ya gani daban: ya nemi mota an aiko masa da tambarinta, wato izgili. Daga ranar aka rufe mini ƙofa. In na kira a ce ba a ji. Amsar Inna ba ta zo ba. Shekara shida ina kai ku lakkol, ina zuwa aiki, ina gudu da Sadiku asibiti, kuma duk safiyar da na zauna jiran fitilar nan ta mutu sai na ce a raina tsohuwar nan tana fushi da ni. Da ta rasu ma ba a kira ni ba, a bakin matar Alhaji Sani na ji bayan sadakar uku. Wannan shi ne abin da motar ta ci mini, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Ba na so ku ƙi baffanku saboda shi. Ƙanensa ya rasa, kunyar gari ta dame shi, ya huce a kan wadda ta fi kusa.

Sai bayan Nana ta gama jami'a na samu zuwa Maraɗi. Alhaji Laminu ya tsufa, muka gaisa sama-sama. Ana gobe zan taso matarsa, Hajiya Zule, ta ja ni ɗaki ta buɗe adaka, ta ciro hankicin da tauraron a ciki, da wani kaset da ba nawa ba. Ta ce Inna ta tsinci tauraron a inda aka jefar, yana ƙarƙashin matashinta har ta rasu. Kaset ɗin kuma a makon da saƙona ya iso ta sa aka ɗaukar mata, ta bayar a aiko mini, ba a aiko ba. Sai da muka aro rediyo a maƙwabta. Muryar Inna ta fito, tana tari, kaji na kuka a bayanta:

"Rabi, ɗiyata, na ji saƙonki, na ji motar. Ni ban ce a kawo mini mota ba, ina za ni da ita? Ki riƙe abinki ki kai mini jikokina makaranta. Amma don Allah ki riƙa tahiya sannu, an ce hanyoyinku na can gudu ake. In kin samu hali ki sake aiko mini da muryar yaran."

Ban sake aika mata ba, domin ban san ta nema ba.

Tauraron da kaset ɗin suna cikin akwatina, a ƙarƙashin zannuwan da ban ɗinka ba. Sadiku, na san tunda motar ta koma garejinka kake neman wani tauraron ka toshe ramin. Kada ka saya. Ka zo ranar Asabar da yaranka ka ɗauki na ubanka, amma kafin ka ɗaura shi za ku zauna ku duka ku ji muryar kakarku. Kuma ni zan tuƙa mu mu zaga unguwa.